Masu Kallo Dubu, Masu Saye Nawa?

Gwaggona da ke Keita ba ta taɓa kiran kanta mai sana'ar abinci ba. Hannu ne Allah ya ba ta, kuma tana son zaman gindin murhu yadda wasu ke son zaman hira. In ta turara dambun gero ta cuɗa shi da zogale, ta yanka albasa siri-siri, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli da ɗan mai, maƙwabta kan san da labarin tun ba a aika musu ba. A wani azumi autarta, wadda ke kwaleji, ta tsaya mata a ka da waya tana ɗauka, don kawai ta tura wa yayanta da ke Abijan ya ga abin da ya baro. Babu abin da ya fito sai hannuwa biyu da madambaci da tururi, sai muryar tsohuwa tana faɗa: "Ke, ja baya, hayaƙi na shigam miki ido. Mi za a gani ga dambu?"

Yayan ya ɗora a WhatsApp ɗinsa. Kafin sahur saƙonnin murya sun cika wayar yarinya. Wani daga Tamanrasset ya ce a gaida Inna, ya gane tukunyar. Wani daga Libiya ya ce sau uku ya kalla, daga nan taliyar da ke gabansa ta fita ransa. Yarinya ta ga abin ya karɓu, ta buɗe TikTok, ta riƙa sa miyar kuka yau, fura gobe, ɗanwake jibi. Watanni kaɗan masu bin ta suka kai dubbai. Nan ne wani ɗan'uwa ya zo da zancen da kowa ke zuwa da shi, wai ai mutane na gina gidaje da irin wannan. Gwaggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "To, wa ka biyan kuɗɗin?"

Tambayar tata ta fi ƙarfin wanda ya kawo zancen, kuma ba a gidanmu kaɗai ake yin ta ba. Daga Tamaske zuwa Buza, daga Buza zuwa Madawa, duk inda ƴar makaranta ta samu waya mai shafawa kuma uwarta ta iya girki, za ka taras ana wannan lissafi.

Tara jama'a a kan abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin waya, kowace unguwa ta san gidan da furarsa ba ta tsami da wuri, da gidan da wainarsa ba ta shan mai. Matar na cikin gida, sunanta na yawo a gari. Yarinya mai talla ita ce muryarta, ita ce mai kai kaya, ita ce mai dawo da labari: wane ya ce yaji ya yi yawa, wance ta ce a ƙara mata na dala goma gobe. Baturiyar nan Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 a kan wannan ciniki na cikin gidaje, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, don baƙo zai ratsa gari bai ga rumfa ba alhali kasuwa na ci a bayan kowace katanga. A nan Adar ma, inda kulle bai kai na Kano tsanani ba, tsarin ɗaya ne. Abin da waya ta canja shi ne nisan da suna ke iya kaiwa. Faranti ba ya wuce inda ƙafar yarinya ta tsaya, hoton kuwa ya kai Abijan kafin dambun ya huce. Sai dai yarinyar talla kan dawo da kuɗi ɗaure a gefen zane. Mai kallo daga Abijan yabo yake aikowa.

Su wane ne ma masu kallon? Yarinyar Gwaggo ta ɗauki lokaci kafin ta lura cewa ba ƴan Keita ba ne. Maƙwabciyarta ba ta da dalilin ƙona mega don ta ga yadda ake miyar da ita ma za ta ɗora da marece. Mafi yawan mutanen Nijar ba sa hawa intanet ma sam, a karkara kuwa abin ya fi ƙaranci, balle ga mata. Masu kallon su ne waɗanda suka tafi. Adar ƙasar ci-rani ce tun kaka da kakanni: da an gama girbi samari sun ɗaure kaya, wasu Kano da Kaduna da Jos da Legas, wasu Abijan da Akara da Kamaru, wasu Aljeriya da Libiya, tun daga 2014 kuma wasu suka nufi ramukan zinari na Jado. Ka haɗa da ɗalibai da ma'aikata a Yamai da Tawa, da matan da aure ya kai nesa. Duk waɗannan suna da waya, suna da ɗan abin sayen mega, kuma suna da ciwo ɗaya, kewar gida. Bayan su sai rukuni na biyu, Hausawan Najeriya da ke son jin yadda ake cewa hura da kuɗɗi da "mi kika ce", su yi dariya, su tsaya su ga ƙarshen girkin.

Wanda ya gane haka ya gane abin da ke tara jama'a da abin da ke korar su. Kuskuren da na fi gani shi ne kwaikwayon ɗakin girkin Abuja. Yarinya ta ari faranti mai ƙyalli, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta yi shinkafa da kaza irin wadda mata dubu suka riga ta yi da wuta mai kyau da kyamara mai tsada, har ta maƙale harshe tana Kananci. A wannan fage ba za ta ci ba. Shirin Akushi Da Rufi na tashar Arewa24 da ire-irensa sun daɗe da cika gurbin, kuma da kayan aikin da ba ta da su. Abin da take da shi wanda babu mai shi sai ita shi ne murhun duwatsu uku, da turmin da ya ga shekaru, da kukan akuya a bayan fage, da daudawar batso, da gabu, da kauɗar tumatir, da tsohuwa mai faɗa da harshen Adar.

A jihar Michoacán ta Meziko akwai wata dattijuwa da ake kira Doña Ángela, wadda a 2019 ƴarta ta fara ɗaukarta da waya tana girki a murhun itace a ƙauyensu. Ba ta canja tufafi ba, ba ta canja magana ba, ba ta sayi tukunya sabuwa ba. Miliyoyin mutane suka bi ta a YouTube, da yawansu ƴan ƙasarta ne da ke zaune a Amurka suna kewar girkin kakanninsu. Labarinta ya fi kusa da namu fiye da na Hilda Baci, wadda a watan Mayun 2023 ta yi awa 93 da minti 11 tana girki a Legas ta shiga kundin Guinness. Na Hilda hayaniya ce ta birni mai kamfanoni a bayanta, kuma kafin shekarar ta ƙare wani ɗan Ireland ya karɓe kambun. Na dattijuwar Meziko kuwa kullum ne, kaɗan-kaɗan, kamar yadda mai koko ke riƙe layinta, da fitowa a lokacin da aka saba ganinta.

Sauran dabarun ƙanana ne, kuma mai talla ta san su. A yi magana maimakon rubutu, don yawancin masu sauraro kunne suke bi ba ido ba. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, ta daɗe da gano haka, shi ya sa take aika wa manoma bayani da saƙon murya cikin Hausa ta WhatsApp. A faɗi awo da abin da mutane ke da shi, tiya da ludayi da gwangwanin tumatir da tafin hannu. A amsa wa wanda ya yi tambaya, a kira shi da sunan garinsu, don ɗan Garhanga da ya ji an ce "ɗan Garhanga da ke Kwatano, ga amsarka" ya zama naka har abada, kuma sai ya tura wa mutum goma. A san lokaci: azumi shi ne kakar wannan harka, sai jajibirin sallar layya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sayen mabiya da musayar "bi ni in bi ka". Taron da aka tara ta haka kamar rumbun da aka cika da ƙaiƙayi ne.

Kafin a zo ga riba akwai abin da ke fita, kuma ba a cika lissafa shi ba. Mega kuɗi ne, ko ta Airtel ce ko Moov ko Zamani, ɗora hoto mai motsi kuma ya fi kallonsa ci. Caji kuɗi ne ga wanda gidansu ba wuta, ga shi tun da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ga yadda abin da ake ɗauka tabbas ke iya ɗaukewa wata da watanni. Akwai ranar da rezo zai ƙi, yarinya ta hau tudu tana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Akwai cefanen da aka yi don ɗauka ba don yunwa ba, da itacen da aka ƙona, da girkin awa ɗaya da ya koma awa uku saboda "Inna, sake zubawa, bai fito ba".

To, wa ke biya? Amsar da ɗan'uwan nan ke nufi ita ce kamfanonin su TikTok da YouTube su kansu. Gaskiya ne suna biya, sai dai ba kowa ba, kuma ba ko'ina ba. YouTube na raba kuɗin talla da mai tasha, ya ba shi kashi 55 cikin ɗari, bayan ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ba a sakin kuɗin sai sun kai dala 100. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta nan ba, wadda ɗari ɗinta ko rabin jika bai wuce ba. Sannan tsarin na ƙasashen da kamfanin ya zaɓa ne: Najeriya da Gana da Senegal na ciki, Nijar ba ta ciki. TikTok na da nasa shirin na biyan masu ɗora hotuna, mai neman mabiya 10,000 da kallo 100,000 cikin kwana 30, amma na ƙasashe ne irin su Amurka da Ingila da Faransa da Jamus da Japan da Brazil. Kamfanin Meta mai Facebook sai a 2024 ya buɗe wa ƴan Najeriya da Gana ƙofar samun kuɗin talla. Wato ƴar Illela ta Najeriya na iya shiga, ƴar Ƙonni da ke jin kiran sallarsu ba ta iyawa.

Ko da an buɗe ƙofar gobe, akwai wani gishirin da ba a faɗa wa masu sha'awa. Farashin talla ya danganta ne da aljihun mai kallo. Kamfani na biyan kuɗi mai kauri don ya isa ga idon mazaunin Amurka ko Faransa, don yana sa ran zai saya. Idon lebura a Tamanrasset ko mai shayi a Abijan ba shi da wannan daraja a wurinsu. Dattijuwar Meziko ta ci ribar cewa masu kewarta na zaune ne a ƙasar da talla ta fi tsada a duniya. Masu kewar dambun Gwaggo ba can suke ba.

Dabarar da matasa suka ɓullo da ita ita ce a buɗe asusun da sunan wani ɗan'uwa da ke Faransa ko Najeriya, da lambarsa da bankinsa, kuɗi su shiga can ya turo. Wasu na samu ta haka. Amma duk wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai abin, ranar da aka ɓata kuma babu alƙalin da zai karɓo maka. Wannan ba tsoron ƙauye ba ne. Li Ziqi, ƴar lardin Sichuan na ƙasar Sin, wadda girkinta na karkara ya sa ta fi duk mai tashar harshen Sinanci mabiya a YouTube, ta daina ɗora komai a watan Yulin 2021 saboda rigima da kamfanin da ke juya harkarta a kan wa ke da sunan. Sai a Nuwamban 2024 ta dawo. In mai miliyoyin mabiya da lauyoyi ta yi shekara uku shiru, ina ga ƴar kwaleji a Keita da ɗan kawunta ya canja lambar sirri?

Hanya ta biyu ita ce tallata kayan wasu. A manyan birane kamfanonin ɗanɗano irin su Maggi sun daɗe suna ɗaukar nauyin shirye-shiryen girki, kuma masu girkin Kano da Kaduna da Abuja da suka yi suna na karɓar kuɗi su sa kaya a gaban kyamara. A garuruwanmu masu zuwa da tayi su ne mai shagon atamfa, mai sayar da tukwane, mai gas, kuma waɗannan ba laifi. Sai dai waɗanda suka fi saurin zuwa, suka fi sakin hannu, su ne masu man bilicin da maganin ƙiba da kayan mata da ba a san abin da ke ciki ba. Mace ta yi shekara tana gina amana a kan cewa abin da ta ce a ci lafiyayye ne, ta zubar da ita a dare ɗaya a kan jika biyar. Ni ko tallar dunƙulen ɗanɗanon ina da ja a kanta: wadda mutane suka taru don miyarta ta daudawar batso, in ta koma jefa dunƙule uku don an biya ta, ta sayar da abin da ya bambanta ta da kowa. Mai son faɗin ra'ayinta a kan kayan kamfani kuma ta auna bakinta. A 2023 an kama wata mata a Legas a kan abin da ta rubuta game da wani tumatirin gwangwani, a Nijar ma an dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna ta intanet a 2024.

Inda kuɗin suke a zahiri ba shi da ƙyalli, shi ya sa ba a cika zancensa ba. Suna cikin abin da za a iya ɗaurewa a kwali ya yi kwana uku a mota bai lalace ba. A nan kuwa Allah ya yi wa yankin nan gata, don fasaharsa ta abinci kusan duk ta shanya ce. Rana da iskar da ke wahalar da mu su ne injinmu. Kilishin Madawa ya yi suna tun kafin a haifi masu wayar: ja mai yaji, fari mai labu, da rumuzu wanda ba a tsoma shi a labu. Albasar fadamun Tarka da Majiya, wadda duniya ta sani da sunan Galmi, ita ke cika manyan motoci zuwa Abijan da Akara. Har hukumar OAPI da ke Yawunde ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asali, don kada wani ya ari sunan. Kilishi dai aikin mahauta ne, maza, da gadonsu da sarkin fawarsu, mace ba ta shiga sai dai ta saro. Amma a gefensa akwai fagen mata zalla: gabu, kauɗa, busasshiyar kuɓewa, kuka, zogalen da aka shanya a inuwa, yajin ƙuli-ƙuli, daudawa, dakakken gero na fura, cukun da ake samu wurin makiyaya.

Dubi yadda lissafin yake tafiya. In albasa ta fito a watan Maris da Afrilu farashi kan faɗi warwas, manomi ya zuba a rudu yana addu'a kada ta ruɓe kafin ta yi tsada. Tumatir ma haka, lokacin da ya yi yawa har zubar da shi ake yi. Matar da ta saya a lokacin, ta yanka, ta shanya a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙura, ta soya gabunta ta daka, ta ƙulla a leda mai kauri, ta mayar da abin kwana goma ya zama abin wata shida. A da matsalarta wa zai saya, tunda duk maƙwabtanta sun yi nasu. Yanzu ga mutum dubu biyar da suka ga hannunta suna yi, suka ga ta wanke, suka ga inda ta shanya. Mu ɗauka, don misali kawai, ɗaya cikin ɗari ne zai saya a wata, ribar kowace ƙulla kuma dala ɗari. Mutum 50 ke nan, jika 25. Ba gina gida ba ne, amma a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 a 2024, ba abin rainawa ba ne ga wadda ba ta bar tsakar gidanta ba. Ƴan ci-rani kuma ba sa sayen ƙulla ɗaya. Ɗaki guda na samari takwas kan haɗa kuɗi a aiko musu da kwali.

Abin da ya sa wannan ya yiwu yanzu ba TikTok ba ne kaɗai. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza sun shiga garuruwan da banki bai taɓa takawa ba, kuma dama ta nan ƴan ci-rani ke turo na cefane. Motocin safa irin na Rimbo da STM na ɗaukar saƙo tasha zuwa tasha. Jarin fari kuma ga asusun mata, irin tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, wanda ya bazu har ƙasashen waje. Matan Keita ba baƙin aikin haɗin gwiwa ba ne. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO da hukumar abinci ta duniya, maza sun tafi ci-rani, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a kan tuddai, ana biyan su da abinci. Gwaggo na cikinsu tana budurwa. Takan ce a lokacin an ba ta abinci don ta yi aiki, yanzu kuma ana so a ba ta kuɗi don ta yi abinci, ita dai duk wuyanta ne ke ɗauka.

Ga na kusa kuma akwai girkin biki da suna da walima, da ma'aikatan da aka turo gari ba iyali, da masu taron bita da ke neman wadda za ta ciyar da mutum talatin. Hoton da aka gani a waya shi ke sa a tuna da ita ranar da buƙata ta taso. Matan Kano da Kaduna sun ƙara da wata hanyar, ajin koyon girki ta WhatsApp, kowace ɗaliba ta biya kafin a sa ta. Yana tafiya ga masu koyar da gato da cincin da kayan amare. Ga girkin gargajiya ban ga ya yi ƙarfi ba, don wadda za ta biya a koya mata dambu tana da gwaggo ita ma.

Cinikin nesa yana da ƙayoyinsa. Kwalin farko da muka aika Yamai, a wata tashar da ba zan ambata ba, aka ɗora masa jarkar mai a kai, ya isa yaji na warin fetur. Babu wanda ya biya mu, mu muka mayar wa mai kaya kuɗinsa, da ban haƙuri a kai. Daga nan muka koyi leda biyu, da rubuta suna da lamba a kowane gefe, da ɗaukar hoton rasit a tura tun mota ba ta tashi ba. Iyaka ma na iya rufewa, kamar yadda ta Najeriya ta rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, duk mai ciniki da Kano ya zauna. Ƙuli-ƙulin da bai bushe sosai ba kan yi hunhuna, hunhunar gyaɗa kuwa guba ce ga hanta. Wadda ta fara sa kayanta a kantunan birni za a tambaye ta takardar hukumar inganci, ANMC a nan, NAFDAC a Najeriya. Amma duk waɗannan ba su kai bashin dangi ba. Ɗan ƙanwarta da ke Legas zai ce a aiko, kuɗi na tafe. Ta yaya za ta ce masa sai ya biya tukun? Maganin da Gwaggo ta samo shi ne ta cire kanta: "Ni ban san kuɗɗi ba, ku yi da yarinya." Yarinya kuwa ba ta jin kunyar kowa, ba ta ɗaure kwali sai ta ga saƙon Nita.

Sai maganar da ba ta shiga lissafin riba, ko da yake ita ke yanke hukunci a gidaje da yawa. Matar aure ta fito a waya duniya na kallo, me miji zai ce, me dangin miji za su ce, me za a faɗa a majalisa? Sunan TikTok ya ɓaci a ƙasar Hausa, musamman bayan shari'o'in da aka yi wa wasu masu amfani da shi a Kano, har ya zama ko girki mace ke yi sai an ɗaga gira. Shi ya sa da yawa suka tsaya a hannu da murya, kuma ban ga ya rage musu komai ba. Mai kallo tukunya ya zo gani. Akwai tsoron baki da hassada, wanda mai karatu na iya yi wa dariya amma ba zai hana uwa ɓoye buhun da ta saya ba. Akwai kuma sirrin hannu. In ka nuna komai, me ya rage naka? Na lura masu wayo na nuna girkin duka, su bar haɗin yajin, su ce wannan sai dai a saya. Hakan ma daidai ne, mai kilishin Madawa bai taɓa karanta wa kowa abin da ke cikin labunsa ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda sha'awa ke komawa tilas. Da Gwaggo kan yi dambu ranar da ranta ya so. Da mabiya suka yi yawa, sai ya zama in an kwana uku ba a ɗora ba ana tambaya ko lafiya, lambobin kuma su fara sauka, yarinya ta shiga damuwa ga jarrabawa a gabanta. Wata rana na same su sun yi cirko-cirko, an ƙona miya wajen neman haske mai kyau, tsohuwa ta ce ita ba ƴar wasan kwaikwayo ba ce. Da aka huce aka yi sulhu a kan sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, kwali kuma ya tashi ranar Asabar da motar Tawa da ke bi ta Tamaske, in an samu masu saye. Wani makon kwali uku, wani makon ko ɗaya.

Daga kamfanonin su TikTok har yau ko dala ba ta shigo ba. Daga gabu da yaji da kauɗa an sayi faifan sola ƙarami da tunkiya ɗaya, an kuma biya wa yarinya kuɗin rajistar jarrabawa. Da na je sallar layya na ce, "Gwaggo, yau ba za a ɗauka ba? Ai yau ne za a fi kallo." Tana juya kayan ciki a kasko, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan nan, aje wayag ga ka miƙo min gishiri."